Kara Na Goma Sha Uku

A shekarar da aka sami mulkin kai, duk ƙasar Gwaram babu mai buga dara kamar Dogara na Kwandiko. Manomi ne, da rani kuma yakan tufka igiya. Ranar kasuwa sai ya ɗora igiyoyinsa a kan jaki ya nufi Gwaram, ya baje su a gindin wani ƙaton durumi, ya sayar da abin da ya samu. Da ya sallame azahar sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya tona gurbi talatin, ya zazzage guntayen karansa goma sha biyu daga wata 'yar jaka, ya zauna jiran mai ƙarar kwana. Shi kullum da kara yake wasa, abokin karawarsa ya ɗauki tsakuwa.

Ba shi da surutu irin na 'yan dara. In ya jera uku, sai ya miƙa yatsa biyu ya zare tsakuwar mutum ɗaya, ya ajiye ta gefe a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Saboda wannan natsuwa tasa ne ma ake kiransa shaida in an yi gardamar iyakar gona, don an san ba ya ƙari, ba ya ragi.

'Yarsa Kubura, wadda a lokacin ba ta wuce shekara goma sha uku ba, ita ke binsa kasuwa da ƙwaryar dafaffiyar gurjiya. Uwarta ta rasu tun tana goye, don haka a gindin durumin nan ta girma, tana talla da baki, idonta yana kan gurabe.

Da aka zo bikin mulkin kai, aka shirya wasanni a Gwaram. Aka yi kokawa, aka yi langa, aka yi tseren jakuna, 'yan makaranta suka yi gudu da ƙafafunsu a cikin buhu mutane suna ta dariya. Aka ce dara ma a yi gasa, wanda ya cinye a ba shi riga mai aska biyu da hula. Aka naɗa Malam Ɗanbala, wani mai sayar da sirdi da linzami, ya zama alƙali.

Tun hantsi ake fafatawa, har aka rage mutum biyu: Dogara, da wani direba daga Birnin Kudu mai suna Badaru, wanda ya kawo fasinja ya tsaya kallon biki. Badaru saurayi ne ƙaƙƙarfa, mai murya, ga agogo a hannu. Kuma ya iya dara, wannan ba a musu. Sai dai ranar ya gamu da wanda ya fi shi. Wasa bai yi nisa ba Dogara ya cinye masa tsakuwa huɗu, shi kuwa kara biyu kacal ya ci.

Kubura tana durƙushe a bayan Badaru, wajen hannunsa na hagu. Ta ga lokacin da ya sauke hannun a ƙasa kamar zai gyara zama, ya tsinci wani guntun kara a cikin shara, ya karya shi daidai tsawon na wasa, ya dunƙule. Ba ta gane abin da yake nufi ba sai da ya zabura ya cafki hannun rigar ubanta.

"Dattijo, me kake ɓoyewa a nan? Tun ɗazu nake ganin karanka ba ya raguwa."

Ya girgiza hannun rigar, kara ya faɗo a tsakiyar gurabe.

Malam Ɗanbala ya sunkuya ya ƙirga na cikin gurabe, ya haɗa da biyun da aka ci, ya haɗa da wanda ya faɗo. Goma sha uku.

"A hannunsa yake," in ji Kubura. "Na gan shi ya tsinta a ƙasa. Wallahi a hannunsa yake."

Wani ya ce 'ya ai dole ta kare ubanta. Wani ya ture ta, ƙwaryar ta kife. Dogara ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi fuskokin mutanen da ya yi shekara ashirin yana zama da su, ya ga yadda suke kallonsa, ya fasa. Ya tashi, ya kwance jakinsa. Karan ma a nan ya bar su. Suna fita daga kasuwa suna jin ana yi wa Badaru tafi, ana sa masa riga.

Daga ranar Dogara bai ƙara taka kasuwar Gwaram ba. Igiya sai dai ya ba maƙwabci ya kai masa. Yara a Kwandiko suka sa masa suna Goma-sha-uku, in ya wuce su faɗa su ruga. Da damina ta zo aka yi rigimar iyaka a gonar da ke jikin tasa, aka tsallake shi aka je unguwa ta gaba neman shaida. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Aka yi wa Kubura aure a Fagam, auren bai yi ƙarko ba, bayan shekara biyu ta dawo gida. Ta tarar da uban ya rame, ba ya fita sai masallaci da gona. Wata rana da la'asar ta share tsakar gida, ta tona gurbi talatin, ta yanko kara, ta tsinto tsakuwa, ta zauna.

"Baba, zo ka koya mini."

"Mace me za ta yi da dara?"

"Zaman banza ya ishe ni."

Ya daɗe yana kallon guraben, sannan ya jawo buzunsa. Shekara huɗu suna bugawa kusan kullum. Ya koya mata yadda ake kasa 'ya'ya tun farko don a toshe wa mutum hanya bai sani ba, da yadda ake ba da ɗa ɗaya don a ci uku. A shekara ta uku ta fara cinsa jefi-jefi. A ta huɗu sai su raba. Sunan Badaru bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Ita ce wata rana ta ambata, sai ya ce, "Bar shi, Allah yana gani." Ta ce to. A ranta kuwa ba ta bari ba.

Dogara ya rasu a shekarar da aka fara yaƙin basasa. Mutanen da suka zo gaisuwa ba su cika zaure ba.

Da ta share makoki, manema uku suka fito. Akwai wani mai shanu daga Surko, akwai wani malamin gona, akwai kuma Sabo, wani tela mai sanyin hali daga Birnin Kudu, wanda ya gan ta a wajen suna. Gwaggonta Tani, ƙanwar Dogara da ke aure a Gwaram, ta so mai shanun. Kubura ta tambayi Sabo inda shagonsa yake, ya ce a bakin tasha. Ta ce shi take so.

A Birnin Kudu ta tarar Badaru ya zama wani abu. Ya sayi mota tasa ta kansa, yana jigila tsakanin Kano da Azare. Bayan yaƙi, da kuɗin fetur suka fara yawo, sai ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku. A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya daina tuƙi da kansa. Tun kafin haka ya kafa rumfar kwano a bakin tasha, daura da shagon Sabo, kullum bayan la'asar yana can yana buga dara, direbobi da 'yan kamasho sun kewaye shi. Sarkin Dara suke ce masa. Waɗansu suna sakar masa wasa don neman shiri, amma ko waɗanda ba sa saki, ci yake yi.

Kubura tana cikin kulle, ba ta taɓa ganin rumfar ba sai sau biyu, a kan hanyar asibiti. Amma ta san ta kamar ɗakinta, don kullum sai ta tambayi mijinta wa ya buga, wa ya ci. Daga nan ta ce ya kamata shi ma ya koya, zama a kan keken ɗinki wuni guda yana kashe baya. Sabo ya yi dariya da ya ga matarsa ta tona gurabe a bayan rumbu. Da ta cinye shi sau biyar a jere kafin ruwan tuwo ya tafasa, sai ya daina dariyar.

Bayan shekara guda ta ce ya je ya gwada da Alhaji. Ya je, aka cinye shi. Da ya dawo ta sa shi ya kasa mata wasan tun daga farko, inda Alhaji ya fara ajiye tsakuwa, inda ya bi, inda ya yi jinkiri. Sabo yana da riƙe abu a ka, irin na mai awon riga da ido, don haka yakan kawo mata wasan kusan cif. Sai ta nuna masa inda ya yi kuskure, ta ce gobe ya bi ta nan. Gobe ya bi ta nan, Alhaji ya ɓullo ta wani wuri, ya sake cinye shi.

Haka aka yi ta yi har shekara biyar. Suka haifi 'ya'ya biyu a tsakani. Sabo ya ƙware har yana cin kowa a rumfar, ban da mutum ɗaya. Kubura ta san dalili: mijinta ba ya ganin abin da ya wuce taku biyu, kuma da Alhaji ya daka masa tsawa cikin raha sai lissafi ya ɓace masa. Ita kuwa a shekarun nan ta haddace Badaru. Ta san yana son kusurwar dama. Ta san in an ba shi ɗa a banza ba ya iya ƙi. Ta san in ya ji an matsa shi sai ya ƙara surutu.

A rumfa aka sa wa Sabo suna Abincin Alhaji. Ranar da abin ya kai masa wuya, ya dawo gida ya tarar ta riga ta share wuri tana jiransa. Bai zauna ba.

"Kubura, Gwaggo Tani ta ba ni wani labari da na kai mata ɗinki. Labarin Baba da wata riga."

Ba ta ɗago ba.

"In tambaye ki. Mu uku muka nemi aurenki. Me ya sa kika ce ni?"

"Kana da kirki, Malam."

"Ban da kirkin."

Ta daɗe tana juya wata tsakuwa a hannu. Ƙarya ba ta cikin halinta.

"Shagonka yana kallon tasha."

Sabo ya gyaɗa kai. Ya sa ƙafa ya shafe guraben, ba da fushi ba, a hankali, har ƙasa ta koma daidai. Ya ce daga yau ba shi ba dara, a gida ko a waje. Ya ce shekara bakwai yana zaton mata ya aura, ashe shi aka ɗauka aiki. Ta ce ba haka ba ne yanzu, ko da haka ne a da. Wata biyu suna gaisawa kamar maƙwabta.

Abin da ya karya wannan zama ba daga wajenta ya zo ba. Wata ranar Laraba Alhaji Badaru ya tsallako titi da kansa, ya tsaya a ƙofar shago da mutanensa, yana saƙace haƙori.

"Tela, kwana biyu ba ka kawo mini abincina ba. Ko uwargida ce ta hana ka fitowa?"

Aka bushe da dariya. Sabo ya tsayar da keke. Mutum ne da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba.

"Alhaji, uwargidan nan da kake faɗa, ita ta koya mini. Da za ta zauna da kai, ba za ka kai labari ba."

Dariyar ta ƙaru, har wani ɗan kamasho ya riƙe ciki. Badaru ya share hawaye da hannun riga.

"Ku shaida," in ji shi. "In matar tela ta ci ni biyu cikin uku, ni Alhaji Badaru zan ɗaura ɗankwalinta a kaina in taka a gaban jama'a. Je ka faɗa mata."

Sabo ya koma gida yana da-na-sani. Ya faɗa mata a tsaye, yana kallon bango. Ya ce in ba ta so, zai je ya ce wasa yake yi.

"Ina so, in ka yarda," in ji ta. "Amma ba a nan ba. A Gwaram, ranar kasuwa, a zauren Gwaggo. Ina bayan asabari, in nuna, kai ka tura. Kuma a kira Malam Ɗanbala ya yi alƙalanci, in yana da rai."

Yana da rai, sai dai ya tsufa, da sanda yake tafiya. Badaru da ya ji sharaɗin bai kawo komai a ransa ba. Ya ce ma hakan ya fi, a sha iska. Wani malami a unguwa ya kira Sabo ya ce wannan ba tsari ba ne, matar aure da wasan maza. Sabo ya ce ba wanda zai ga ko ɗan yatsanta, kuma magana ta riga ta fita.

Ran kasuwa Badaru ya cika motarsa ɗaya da mutanen tasha, ya zo da rakoda mai batir tana ta kiɗa. Gidan Gwaggo Tani yana bakin kasuwa, daga ƙofar zauren ana hango durumin nan. Labari ya riga ya zaga, don haka kafin azahar zaure ya cika, waje ya cika, waɗansu sun hau katanga. An rataya asabari a ƙofar da ke shiga cikin gida, an tona gurabe dab da ita. Kubura tana zaune a ciki inda babu haske, tana ganin waje, ba a ganinta. Abin da ake gani kawai dogon karan dawa ne da ta zuro ta ƙasa don nuni.

"Wanne za ta ɗauka?" in ji Malam Ɗanbala.

"Kara," in ji murya daga bayan asabari. "Baba, a ƙirga su da ƙarfi kowa ya ji."

Tsohon ya ƙirga. Goma sha biyu. Ya ɗan tsaya yana kallon asabarin, kamar mai son tuna wani abu, sannan ya ce a fara.

Wasan farko Kubura ta faɗi. Shekara goma sha biyar tana jiran ganin hannun nan mai agogo a kan gurabe, da ta gan shi sai ta kasa ɗauke ido daga kansa. Ta yi gaggawar ci, ta buɗe kusurwar dama, Badaru ya shige ta nan ya gama da ita. Mutanen tasha suka yi sowa. Badaru ya ce a kawo masa ruwa, ya ce wa Sabo, "Ba laifi, ta fi ka. A ba ta goro."

Gwaggo Tani ta dafa kafaɗarta a ciki, ta raɗa mata cewa in ta ga ba za ta iya ba, a ce ciwon kai ya kama ta. Kubura ta sha ruwa, ta goge tafin hannunta a zane, ta ce a kasa.

Wasa na biyu ya daɗe har inuwa ta juya. Ta daina kallon mutumin, ta koma kallon ƙasa. Ta toshe kusurwar dama tun a kashi, ta bar shi yana ta zagaye. Aka yi ta ci ana ramawa, har ya rage tana da huɗu yana da uku, sannan ta jera, ya koma biyu. Wasa ya ƙare, ita ta ci. Wani ya kashe rakodar. Mutanen Gwaram da ke waje suka fara matsowa.

A na uku Badaru ya dawo da surutu. Yana yi wa Sabo ba'a, yana tambayar ko shi ke yin tuwo a gida, yana buga tsakuwa da ƙarfi. Kubura ta ji haka ta san inda yake. Da aka fara tura 'ya'ya, sai ta nuna wani kara ta ce a matsar da shi gefe, inda ba shi da mai tsaro. Sabo ya ɗago ya dubi asabarin. Karan nunin bai motsa ba. Ya tura.

"Sadaka," in ji Badaru. Ya jera uku ya cinye shi.

Don ya ci ɗin, sai da ya janye tsakuwar da ta tsare tsakiya. Kubura ta tura ɗaya, ta tura wani, sai ga shi ta kafa abin da 'yan dara ke kira doki: kara biyu a nan, biyu a can, da guda ɗaya a tsakani wanda in ya yi gaba ya cika uku, in ya dawo baya ya cika uku. Duk taku ci ne. Wani tsoho a bakin ƙofa ya ce, "Rabona da ganin wannan tarko tun zamanin Dogara."

Ta fara ci. Ba ta ɗauki waɗanda za su gama wasan da wuri ba. Duk tsakuwar da ya matso da ita don ya toshe dokin, ita take nunawa, Sabo ya zare. Bayan kowane ci sai ta dakata, ta bar shi ya yi tunani, ya yi gumi, ya tura, sannan ta sake. Da aka ci ta biyar Badaru ya dubi agogo ya ce la'asar ta yi, a tashi haka, a ƙarasa wani lokaci.

"Ba a kira salla ba tukuna, Alhaji," in ji Malam Ɗanbala. "Zauna."

Da aka ci ta bakwai ya ce ya sallama. Muryar ta ce ba ta karɓa ba, a buga har ƙarshe. Ya dubi mutanensa, ba wanda ya dube shi. Ya ci gaba da turawa har ya rage da tsakuwa biyu a fili.

Sai ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma har na kan katanga sun ji.

"Baba Ɗanbala, a sake ƙirga karana."

Ya ƙirga na gurabe da wanda aka ci. Goma sha biyu.

"A girgiza hannun rigar maigidana, ko akwai wani."

Ba wanda ya motsa.

"Ni ce Kubura, 'yar Dogara na Kwandiko. Ni ce mai gurjiyar da aka ture a gindin durumin can. Alhaji, ka tuna rigar da aka ba ka?"

Badaru ya dubi asabarin. Da farko a fuskarsa babu alamar ya gane, kuma wannan ya ƙona mata rai fiye da duk abin da ta zata. Sannan ya tuna. Ya yi wata 'yar dariya, ya buɗe hannuwa yana neman wanda zai taya shi.

"Haba, baiwar Allah. Ƙuruciya ce fa. A kan guntun kara ɗaya kika riƙe ni shekara goma sha biyar?"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Malam Ɗanbala ya sunkuyar da kai, ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Can ya ce, "Ni na ƙirga. Ni na miƙa rigar. Allah ya jiƙan Dogara, mun zalunce shi." Tsofaffin da ke wurin suka amsa da amin, ƙasa-ƙasa.

Karan nunin ya janye. Ya sake fitowa da ɗankwali rataye a bakinsa, ja mai furanni, sabo fil. Ta saye shi tun shekarar da ta tare, ba ta taɓa ɗaura shi ba.

Nan aka shiga roƙo. Malam Ɗanbala ya ce gaskiya ta riga ta fito, ta bar shi haka. Gwaggo Tani ta ce mutum ne mai iyali. Sabo ma ya matso jikin asabari ya ce, "Kubura, ya isa. Don Allah."

"Ba ni na sa shi alkawari ba, Malam. Shi ya ce a shaida."

Mutanen Gwaram da ke waje suka ce an shaida kuwa. Suka tsaya a ƙofa, ba su ba da hanya ba. Badaru ya cire hularsa ya miƙa wa direbansa. Ya ɗauki ɗankwalin, ya yafa a ka, ya ƙulla a ƙarƙashin haɓa kamar mai ciwon haƙori. Ya fita. Daga zauren zuwa inda motar take, sai an ratsa layin masu hatsi da na mahauta. Ba a yi masa ihu ba sai da ya kai tsakiya, sannan wata mai fura ta rangaɗa guɗa, kasuwa ta ɗauka. Kubura ta tashi ta leƙa ta saman katanga, ta bi shi da ido har ya shiga gaban mota ya ja ƙofa.

Abin bai tafi a banza ba. Badaru ya hana direbobinsa da 'yan kamasho kai ɗinki wurin Sabo, mai shagon kuma ya ce yana son wurinsa. Sabo ya kwashe kekensa ya koma wata rumfa a cikin gari, inda aiki bai kai rabin na da ba. Bai taɓa yi mata gori ba, amma bai ƙara yarda an tona gurbi a gidansa ba, ita ma ba ta nema ba. Rumfar bakin tasha kuwa ta watse. Badaru ya koma zama a Kano, sai ya yi wata uku bai leƙo ba, in ya zo ma ba ya sauka a tasha.

Bayan shekara huɗu ciwo ya kwantar da shi, aka dawo da shi gida Birnin Kudu. Wata safiya ƙaninsa ya yi sallama a ƙofar Sabo, ya ce Alhaji ne ya aiko shi, yana neman gafarar matar gidan. Sabo ya shiga ya tarar da ita tana tankaɗe. Ya faɗa mata.

"Ba ni ya yi wa ba," in ji ta. "Ya nemi wanda ya yi wa."

"Kubura, mutumin nan yana kan gargara."

"Na ji, Malam."

Ya tsaya yana jira ko za ta ƙara wani abu. Ta juye garin a ƙwarya, ta ɗebo wani. Sabo ya fita ya ce wa ɗan aiken ta ji saƙo.

Badaru ya rasu ranar Alhamis. Sabo ya je jana'iza, har da shi aka ɗauki makara. Kubura ta tuƙa tuwo ta aika gidan makoki kwana uku a jere, kamar yadda kowace mace a unguwar ta yi. Da matan layinsu suka biyo mata za su je gaisuwa, ta ce su je, tana da wanki.